Sifilin da Na Rubuta a Gidan Modibbo

Jimeta

Zuwa ga 'yata Fa'iza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ki Abuja lafiya, ya tsare motar da za ki shiga tun daga tasha har inda za ki sauka, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutanen da za ki tarar. Babanki ya yi miki tasa nasihar a gabanki. Tawa na ga ya fi in rubuta, domin in na fara magana sai ki ce "To, Dada," alhali idonki yana kan waya. Ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin Litinin, kafin ki sa hannu a kan komai.

Ba zan ɓoye miki ba, ban yarda da kamfanin nan ba. Kowa a gida yana murna, Goggonki har guɗa ta yi da ta ji albashin. Ni ma na yi murmushi, don kada a ce uwa tana baƙin ciki da arzikin 'yarta. Amma tun ranar da kika karanta mana takardar ɗaukar aikin nake juya ta a raina.

Wurare biyu suka kira ki. Ma'aikatar gwamnati ta nemi digirinki na ƙididdiga, ta nemi takardar bautar ƙasa da ta ƙaramar hukuma, ta zaunar da ke jarrabawa, sannan aka tsare ki da tambayoyi har kika dawo kina cewa kanki na ciwo. Bayan duk wannan, albashin da suka yanka miki in kika biya ɗaki da kuɗin mota da ƙyar zai bar miki na sabulu. Wannan na gane shi, ba baƙon abu ba ne. Shi kuwa kamfanin, hira ɗaya kuka yi ta waya da mutumin da kike kira Dakta Sanusi. Ina kicin ina jin ku. Bai tambaye ki abin da kika karanta ba. Ya tambaye ki ke 'yar ina ce, kika ce Adamawa. Ya tambaye ki ko kina jin Fulatanci, kika ce kaɗan-kaɗan. Sai ga takarda: babbar jami'ar ƙididdiga, albashi ninki uku na ma'aikata.

Na ɗauki mayafina na tafi wurin Malam Buba, maƙwabcinmu na bayan layi, wanda ya yi ritaya daga sashen ƙididdiga. Na tambaye shi me ake buƙata kafin a kira mutum babba a wannan aikin. Ya ce, "Hajiya, a zamaninmu sai ka yi shekaru kana bin ƙauyuka da fom a hannu, ka koma makaranta ka yi digiri na biyu, kafin a bar ka ka sa hannu a rahoto. Yanzu kuma an ƙara da sanin kwamfuta." Na ce, to yarinyar da ta gama bautar ƙasa bara fa? Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Ko dai 'yarki ta fi duk yaran ƙasar nan ƙwaƙwalwa, ko kuma akwai wanda ba ya son sunansa ya fito a ƙasan takarda." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ki sake duba takardar ɗaukar aikin da kyau. Kwantiragin wata shida ne, babu fansho, kuma an rubuta cewa sabuntawa ta danganta da shigowar aiki. Mai gidan haya a Abuja kuwa kuɗin shekara yake karɓa, ba ruwansa da shigowar aikinku. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da kika maimaita mana kina jin daɗi, wai Dakta ya ce ba sai kin sha rana ba, bayanan mutanen da rikici ya raba da gidajensu za su riƙa zuwa miki daga nan yankinmu ta kwamfuta, ke dai ki gyara ki sa hannu. Fa'iza, na san yadda ake haɗa irin waɗannan bayanai, domin na taɓa zama cikin masu aika su. Kin san na yi aikin, amma ba ki san yadda na yi shi ba. Babanki ma bai sani ba.

Shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika, kina ajin farko na sakandare. Ba na jin kin manta yadda garin nan ya cika. Mutane a masallatai, a makarantu, a gidajen da ba a gama ginawa ba. Wasu sun shiga sansani, amma da yawa gidajen jama'a suka shiga, wurin dangi ko wurin wanda suka taɓa saye da sayarwa da shi. Sai wata ƙungiyar agaji ta nemi mata masu takardar sakandare, masu jin Hausa da ɗan Fulatanci, su shiga gida-gida su rubuta yawan waɗanda aka sauka. Wata ƙawata ta ba da sunana. Kwana biyu aka koya mana aikin a wani otal, ana ba mu shinkafa da kaza. Aka ce za a biya mu a kan kowane fom da muka cika.

Kuskurena na farko a nan yake. Na tambayi nawa ne kuɗin fom, na tambayi yaushe za a biya, na tambayi ko akwai kuɗin keke. Ban tambayi me za a yi da takardun ba. Ban tambayi wa zai karanta su ba, ko me zai faru da gidan da aka rubuta daidai da gidan da aka rubuta ba daidai ba. Ina ganin aikin rubutu ne kawai. Ke ma na lura tambayoyinki ga Dakta duk irin nawa ne. Duk aikin da za a ba ki, ki fara sanin a hannun wa takardarki za ta ƙare, da abin da za a raba ko a hana saboda ita. In suka kasa gaya miki a taƙaice, to ko ba su sani ba ko ba sa son ki sani, kuma duka biyun ba alheri ba ne.

Shugaban tawagarmu wani mutum ne da muke kira Oga Sale. Ba mugu ba ne, shi ma ana matsa masa daga sama. Fom ɗin shafi huɗu ne. Tambayar farko ita ce: mutum nawa 'yan gudun hijira ke cikin gidan nan? In aka ce akwai, sai ki rubuta sunan kowa, shekarunsa, garinsu, abin da ya ci jiya, har shafi na huɗu. Gida ɗaya yakan ci awa guda. In kuwa aka ce babu, sai ki rubuta sifili, mai gida ya dangwala, ki wuce. Kuma kuɗin fom mai sifili daidai yake da kuɗin fom mai shafi huɗu. Ba wanda ya ce mana mu yi ƙarya. Tsarin biyan ne kawai aka ajiye a gabanmu, kowace ta yi lissafinta.

A mako na biyu aka tura mu Namtari. Mutane duk suna gona, gidaje a warwatse, rana kamar ta fasa kai. Azahar ta yi ban cika ko rabin abin da aka ɗora mini ba. Oga Sale ya dubi agogo ya ce, "Hajiya, Abuja suna jira. Ni ba ruwana da yadda za ki yi, gobe da safe ina son takarduna." Na ga sauran mata sun zauna a gindin wata bishiyar mangwaro, kowace ta ɗora fom a cinya. Ɗaya ta ce, "Adda, zo ki zauna, ai duk gidajen iri ɗaya ne." Na zauna. Na ƙirƙiro Bello da Hamman da Usmanu, na ba su mata, na ba su 'ya'ya, na sa wa wasu baƙi na hana wasu. Muka riƙa dangwala wa juna da yatsu dabam-dabam muna dariya. Da na miƙa, Oga Sale ya duba ya ce nawa sun fi na kowa tsabta.

Ki riƙe wannan: takardar da aka cika a gindin bishiya ta fi ta gaskiya kyau. Ba ta da goge-goge, ba gurbin da aka bari, ba tabon mai ko na yatsan yaro. Fom na gaskiya yana zuwa a yamutse, wata ta ce ba ta san shekarunta ba, wani ya ƙi faɗar sunan ɗansa na fari. In bayanai suka zo miki a kwamfuta sumul, kowa ya san shekarunsa, kowace tambaya ta sami amsa, kada ki yi murna, ki tsorata. Ke da kika yi shekara huɗu a jami'a kin fi ni sanin hanyoyin gane wannan. Abin da ban sani ba shi ne ko Dakta yana son ki gane.

Na Namtari yana damuna, amma ba shi ne ke hana ni sukuni ba. Na unguwar Bako ne, a cikin tsohon garin Yola.

Akwai wani dattijo a can, Modibbo Hammadu, malami ne, manomi, daga tsofaffin gidajen Yola. Na yi sallama aka shigar da ni zaure. Tun daga bakin ƙofa na ga takalma sun fi ƙarfin gida ɗaya, silifas na yara iri-iri, wasu ma ba su da 'yan'uwa. Daga cikin gida ina jin mata suna magana da wani yare da ba Fulatanci ba, ba Hausa ba. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na buɗe fom na karanta masa tambayar yadda aka rubuta: 'yan gudun hijira nawa ke gidan nan?

Ya ce, "Yarinya, gidan nan babu ɗan gudun hijira."

Na ce, "Baffa, na ga takalma da yawa."

Ya ce, "Baƙina ne. Mutumin da na yi shekara ashirin ina sayen shanu a hannunsa, in ya zo gidana da iyalinsa, ɗan gudun hijira ne? In na je nasa gidan haka za a kira ni?"

Na ce, "To abinci fa, yana isa?"

Ya ɗaga kai ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai ƙara ba.

Fa'iza, a garin nan aka haife ni. Na san mutum irin Modibbo ba zai taɓa ƙirga baƙinsa a gaban wata ba, ba kuma zai ce tukunyarsa ta gaza ba ko da kwana biyu ba a ɗora ta ba. Wanda ya tsara tambayar a ofis bai san wannan ba, amma ni na sani, don sanin nan ne ma aka ɗauke ni. Na san abin da ya kamata in yi: in bar dattijo da mutuncinsa, in nemi izini in shiga wurin matansa, in zauna a tabarma, in tambayi wa da wa aka sauka, a hankali, kamar hira. Har na leƙa tsakar gida. Matarsa Inna Dudu tana tsaye kan wata babbar tukunya irin ta biki, abin da ke ciki kunu ne tsararo. Wata mata mai goyo ta dube ni, ta dubi takardun hannuna, ta gyara zama kamar mai jiran a kira ta.

Na lissafa a raina: mutum kusan ashirin, shafi huɗu ba zai isa ba, sai na ƙara fom, la'asar ta gabato, saura gida bakwai. Aka kuma koya mana cewa mu rubuta abin da mai gida ya faɗa. Sai na fake da wannan. Na rubuta sifili. Modibbo ya dangwala, ya sa mini albarka, ya rako ni har ƙofa.

Ba ni kaɗai ba ce. A unguwannin tsohon gari mun sami irin wannan amsa a gidaje da dama, kuma duk mun karɓe ta hannu biyu, domin ta sauƙaƙa mana. Bayan 'yan makonni aka fara rabon masara da wake da man girki. An bi takardunmu. Gidajen da muka sa wa sifili ba wanda ya taka ƙofarsu. Wasu buhunan kuma an kai su Namtari ana cigiyar Bello da Hamman da ni na haifa a gindin mangwaro. Ban san wanda ya karɓe su ba.

Can a Abuja wani ya sa hannu a wannan rahoto. Mai digiri ne, wataƙila mai biyu. Bai taɓa ganin zauren Modibbo ba. Ya ga lambobi sun hau daidai, ya gyara, ya sa hannu. Kujerarsa ce ake miƙa miki yanzu.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Da na ji an fara rabo, ofishin ƙungiyar yana nan Jimeta, kuɗin keke ɗaya ne daga gidanmu. Da na je na ce akwai gida a Bako da na rubuta ba daidai ba, da wataƙila an gyara. Amma na ji tsoron a ce to sauran takardunki fa, a hana ni kuɗina, a cire sunana daga aiki na gaba. Na zauna. Da kuɗin na saya miki takalmin makaranta da jaka.

Bayan wata uku na haɗu da Inna Dudu a kasuwa. Ita ta gane ni, ta riƙe hannuna tana murna, ta ce, "Ke ce mai takarda! Har yanzu ba a zo ba, ko layinmu bai kai ba?" Na ce mata ai abin a hankali ake yi. Ta ce Modibbo ya sayar da shanunsa biyu, ya sayar da hatsin da ya ajiye na iri. Baƙin da suka ga haka kunya ta kama su, suka ce za su koma gida su duba gonakinsu. Modibbo ya hana, suka jira ya tafi masallacin Juma'a suka fita. A lokacin hanya ba ta gama lafawa ba. Ta ce matan da yaran an ji labarin sun isa. Shi kuwa mai sayar wa Modibbo shanu da ɗansa babba, da suka yi gaba don su duba gari, har ranar ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ban ce sifilina ne ya kashe kowa ba. Ban ma san ko sun mutu ba. Rai da ajali na Allah ne. Amma na san da buhun masara ya shiga gidan nan da ba su yi gaggawar tafiya ba, kuma na san hannun da ya hana shi shiga. Shekara da shekaru ke nan, in na ga silifas na yara a ƙofar gida sai in tuna zauren Modibbo.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce yanzu ba takarda ake yi ba, waya ce, tana nuna inda mutum ya tsaya da lokacin da ya ɗauka. Na ji. Ni ma na tsaya a gidan Modibbo da ƙafata, na sha ruwansa, dangwalensa na gaskiya ne. Wace waya ce za ta gaya miki abin da ke cikin tukunyar Inna Dudu? Kuma kada ki ɗauka matan da ke cika muku fom yanzu sun fi mu tsoron Allah. Ki tambaya yadda ake biyansu. In a kan kowane fom ne, kin riga kin san sauran.

Ban ce Dakta Sanusi macuci ba ne, ban san shi ba. Mai yiwuwa mutumin kirki ne mai gaggawa. Amma ina zargin abin da yake saye da wannan albashi sunanki ne da garinku, don in masu ba da kuɗin suka tambaya ya ce ai 'yar yankin ce ta duba, ta san mutanen, tana jin yarensu. Ranar da abu ya ɓaci kuwa, kwantiraginki wata shida ne, shi kamfaninsa yana nan. Kuma a wannan sana'a taku, Malam Buba ya gaya mini, mutane kaɗan ne, kowa ya san kowa. Wadda aka taɓa kama sunanta a ƙasan rahoton ƙarya, ko digiri nawa ta ƙara ba mai sake ba ta amana.

Ga abin da nake so ki yi, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ranar Litinin, kafin ki ɗauki biro, ki ce masa cikin ladabi kina so a rubuta a kwantiragin cewa ba za ki sa hannu a kan bayanan wani gari ba sai kin bi masu cika fom ko sau ɗaya, kuma ke za ki zaɓi garin da gidajen. Ki dubi fuskarsa lokacin da kike faɗa. In ya ce madalla, to na zalunce shi da zargi, ki gaya masa uwarki tana neman gafararsa. In ya fara cewa babu kuɗin tafiya, ko hanya ba tsaro, ko ke babba ce kin wuce shan rana, ki yi masa godiya ki ɗauki jakarki. Ma'aikata sun ba ki har ƙarshen wata ki kai kanki. Ki je ki fara daga ƙasa, ki zauna wurin ƙanwar Babanki a Mararraba ki riƙa shan cunkoson mota, ki bi ƙauyuka, ki yi digiri na biyun a lokacinsa. Goggonki za ta ce kin yi wauta. Ki turo ta wurina.

Ba zan ɗora miki abin da ni na kasa ba. Modibbo ya rasu, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Ubangijinsa yana zaton layinsu ne bai kai ba. Inna Dudu tana nan da rai, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ranar Litinin ɗin da za ki shiga ofishin Dakta, ni kuma zan hau keke in tafi Bako, in zauna a gabanta in gaya mata abin da na rubuta da dalilin da ya sa na rubuta. Ban san ko za ta yafe ba. Na fi jin tsoron ta ce "ba komai" ta sa a kawo mini ruwa. Duk yadda ta kasance zan je. Da la'asar ki kira ni, ki gaya mini abin da ya ce, ni ma in gaya miki abin da ta ce.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki halal ko kaɗan ne ya sa masa albarka. Ya kare hannunki daga rubuta abin da idonki bai gani ba. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Ki kula da salla a kan lokaci, ki gaishe da mutanen Mararraba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Dada